Ƙarfen Da Ke Cikin Jininmu: Yana Da Ƙofar Shiga, Ba Shi Da Ta Fita

A yawancin ikilisiyoyinmu, da zarar an yi sanarwa ran Lahadi cewa wane ko wance ba lafiya, kafin la'asar 'yan zumuntar mata sun ɗaura kallabi sun nufi gidan. Ba a zuwa hannu rabbana. Wata ta riƙo lemo, wata madarar gwangwani, sau da yawa kuma akwai wadda ta biya kemis ta sayo kwalbar maganin ƙarin jini, gama a wurinmu duk wanda ya rame, ko ya yi fari fat, ko yana kukan kasala, hukuncin da muke yanke masa ɗaya ne, wato jininsa ya yi ƙasa. Ƙauna ce take sa a yi haka, ba mai musu, sau tari kuma maganin yakan yi amfani. Amma akwai mutanen da wannan kwalba take ƙara musu ciwo a kan ciwo, waɗansunsu kuwa muna zama da su a benci ɗaya lokacin sujada. Kafin a gane dalili, sai mun duba abin da ke cikin kwalbar, da yadda jiki yake yi da shi.

Babban abin da ke cikin maganin ƙarin jini shi ne sinadarin ƙarfe. Ƙarfe dai na gaske, ɗan'uwan wanda maƙeri yake ƙera fartanya da shi, sai dai an sarrafa shi yadda hanji zai iya tsotsewa. Baligin mutum yana ɗauke da giram 3 zuwa 4 na ƙarfe a jikinsa, watau kamar nauyin ƙusa ɗaya madaidaiciya. Wajen kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfe yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, a cikin wani sinadari da likitoci suke kira himogulobin. Shi ne yake ba jini launinsa ja, shi ne kuma yake ɗauko iskar da muka shaƙa daga huhu ya rarraba wa gaɓoɓi. Idan ƙarfe ya yi ƙaranci, jini ba ya iya ɗaukar iska yadda ya kamata, sai ka ga mutum yana haki a kan ɗan aiki kaɗan, yana jiri, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari. Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san yadda Littafin Firistoci sura 17 ya ɗaura rai a kan jini. To, ashe aikin jinin nan kansa a kan ƙusa ɗaya yake rataye.

Jikin mutum ba ya almubazzaranci da wannan ƙusa. Ƙwayar jini ja tana rayuwa kamar kwana 120, sa'an nan ta tsufa. Saifa da hanta suna da waɗansu ƙwayoyi waɗanda aikinsu shi ne su haɗiye tsofaffin ƙwayoyin jini, su farfasa su, su ciro ƙarfen su mayar wa ɓargo domin a ƙera sababbi, kamar dai yadda masu sayen tsohon ƙarfe suke bi gida gida suna tarawa su kai wa maƙera. Ta wannan hanya jiki yana juya miligiram 20 zuwa 25 kowace rana ba tare da ya nemi kome daga waje ba. Abin da yake zubewa ɗan kaɗan ne, miligiram 1 zuwa 2 a rana, ta wurin fatar da take saɓulewa da ƙwayoyin bangon hanji da suke fita tare da bayan gida. Mace mai ganin al'ada takan rasa fiye da haka. Gwargwadon abin da ya zube, shi ne hanji yake tsotsowa daga abinci, sauran kuwa ya wuce ya fita.

Ga inda maganar take. Idan ka sha ruwa ya yi yawa, ko ka ci gishiri ya wuce kima, ƙoda za ta fitar da rarar ta fitsari. Ƙarfe ba shi da irin wannan hanya. Da zarar ya ƙetare bangon hanji ya shiga jini, ya zama ɗan gida, jiki ba shi da wata dabara ta korarsa, in ba ta zubar jini ba. Ƙarfen da yake yawo shi kaɗai kuma mugun baƙo ne, gama yana cin naman jiki kamar yadda tsatsa take cin kwanon rufi. Saboda haka jiki ba ya barinsa ya yi tafiya ba ɗan rakiya. A cikin jini akwai wani ɗan dako mai suna tiransferin wanda yake goya shi, a hanta kuma akwai rumbun ajiya mai suna feritin. Amma ɗan dako yana da iyakar abin da zai ɗauka, rumbu kuma yakan cika. Tun da ba ƙofar fita, dukan tsaron sai ya koma kan ƙofar shiga.

Shekaru da yawa masana sun san lalle akwai mai gadi a wannan ƙofa, amma ba su san ko wane ne ba. Sai a tsakanin shekarar 2000 da 2001 masu bincike a Jamus da Amurka da Faransa suka gano wani ɗan ƙaramin sinadari da hanta take yi, aka raɗa masa suna hefsidin. A shekarar 2004 Elizabeta Nemeth da Tomas Ganz na birnin Los Angeles, tare da abokan aikinsu, suka nuna yadda yake aiki. A bangon hanji, da kuma jikin ƙwayoyin nan masu farfasa tsohon jini, akwai wata 'yar ƙofa da ƙarfe yake bi ya shiga jini, sunanta ferofotin. Idan hanta ta ji rumbu ya cika, sai ta saki hefsidin da yawa, shi kuwa ya je ya kama ƙofar nan, a janye ta ciki a rushe ta. Ƙarfen abinci ya tsaya a bangon hanji, bayan 'yan kwanaki ya fita da bayan gida. Idan kuwa mutum ya zubar da jini, ko mace ta yi ciki, ɓargo yana neman kayan aiki, sai hanta ta rage hefsidin, ƙofofi su buɗe.

Akwai wani abu kuma da yake sa mai gadin nan ya kulle ƙofa, shi ne ciwo. Ƙwayoyin cuta su ma suna bukatar ƙarfe domin su hayayyafa, saboda haka da zarar zazzaɓi ya kama mutum, hanta takan ɗaga hefsidin domin ta hana abokan gāba abinci. Shi ya sa yaron da zazzaɓin cizon sauro yake kayarwa a kai a kai, ko an ɗura masa maganin ƙarin jini, kaɗan ne yake shiga. Har ma akwai hatsari. A tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya, inda zazzaɓin sauro ya yi katutu, an yi wani babban gwaji a kan yara ƙanana wajen 24,000, aka ba waɗansu ƙarfe kullum, waɗansu ba a ba su ba. Dole aka dakatar da ba da ƙarfen kafin lokaci ya cika, domin yaran da suke sha sun fi sauran kwanciya asibiti ko mutuwa da wajen kashi 12 cikin 100. An buga sakamakon a shekarar 2006. Da aka ƙara dubawa sai aka ga yaran da suke da ƙarancin ƙarfe na gaske sun amfana, matsalar tana wurin waɗanda aka ba su alhali ba su bukata. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarar 2016 ita ce, a ƙasashen sauro a ba yara ƙarfe tare da gidan sauro da gwaji da maganin zazzaɓi, kada a raba su.

To, yaya ke nan idan an haifi mutum da mai gadi mai barci? Wannan ciwo yana nan, amma gidansa na asali ƙasar Turai ne, musamman arewacinta. A shekarar 1865 wani likitan birnin Paris mai suna Armand Trousseau ya ba da labarin wani majinyaci mai ciwon sukari wanda hantarsa ta ƙandare, fatarsa kuma ta yi duhu kamar tagulla. A 1889 wani Bajamushe, von Recklinghausen, ya raɗa wa ciwon suna himokuromatosis. An daɗe ana gardama, waɗansu suna cewa giya ce kawai take kawo shi. A 1935 likita Joseph Sheldon na Ingila ya tattara labarun majinyata da yawa, ya ce shi a ganinsa gādo ne. Sai a tsakiyar shekarun 1970 Marcel Simon na birnin Rennes a Faransa ya tabbatar da cewa ciwon yana bin jini daga iyaye, a shekarar 1996 kuma masu bincike a jihar Kaliforniya ta Amurka suka sa yatsa a kan ainihin ƙwayar gādon, wadda ake kira HFE. Aikin wannan ƙwaya shi ne ta taimaki hanta ta san yawan ƙarfen da ke jiki. Idan ta sami tangarɗa, hanta takan zaci kullum rumbu wayam yake, ba ta sakin isasshen hefsidin, ƙofar hanji ta kwana a buɗe. Ɗan abin da yake ƙaruwa a rana bai taka kara ya karya ba, amma a shekara talatin ko arba'in sai ka tarar mutum ya tara giram 20 ko fiye, ninki biyar na abin da ya kamata.

Yadda ake gādonsa ba zai zama baƙo ba ga duk wanda ya taɓa zama ajin masu shirin aure a majami'a, gama lissafinsa ɗaya ne da na AS da SS. Kowane mutum yana karɓar ƙwaya ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya gāji mai tangarɗa guda ɗaya, galibi lafiyarsa kalau, ɗauke kawai yake da ita. Idan masu ɗauke da ita biyu suka yi aure, kowane ciki da matar za ta yi yana da rabo ɗaya cikin huɗu na a haifi mai guda biyu. A arewacin Turai ana samun mutum ɗaya cikin 200 zuwa 300 mai guda biyu. A ƙasar Ayalan abin ya fi ko'ina, wajen mutum ɗaya cikin 83, mai ɗauke da guda ɗaya kuwa kusan ɗaya cikin biyar. Sai dai akwai bambanci babba da sikila. Wanda aka haifa SS ba ya tsere wa ciwon, amma ba duk mai ƙwaya biyu ta HFE ne yake kwanciya ba. Wani bincike da aka yi a birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya, aka buga a 2008, ya nuna wajen kashi 28 cikin 100 na maza masu ƙwaya biyu ne ciwon ya bayyana a jikinsu, a mata kuwa kashi 1 kacal. Jinin al'ada da haihuwa, waɗanda suke jawo wa mata ƙarancin ƙarfe, su ne a nan suka zama musu garkuwa, har zuwa lokacin da al'ada ta ɗauke.

Mugun halin wannan ciwo shi ne alamarsa ta fari ita ce kasala. Mutum ya kai shekara arba'in ko hamsin, yana jin gajiya kullum, gaɓoɓin yatsunsa suna ciwo, ƙarfin mazakutarsa ya ragu. Wa zai ce ƙarfe ne ya yi masa yawa? Kowa sai ya ce a nemo masa maganin ƙarin jini. A hankali ƙarfen yana taruwa a hanta har ta ƙandare, wani lokaci ta kai ga ciwon daji. Yana taruwa a gaɓar nan ta bayan tumbi mai daidaita sukari, sai ciwon sukari ya biyo baya. Yana taruwa a zuciya, bugunta ya rikice. Maganinsa kuwa abin mamaki ne don sauƙinsa: a ɗebi jini. Ana ɗiban kamar rabin lita kowane mako, kowace leda tana fita da miligiram 200 zuwa 250 na ƙarfe, jiki kuma ya shiga rumbu ya ɗebo domin ya ƙera sabon jini. Haka za a yi ta yi, wani har shekara ɗaya ko biyu, sai rumbu ya sauka, daga nan a koma sau uku ko huɗu a shekara. Wanda aka gano nasa kafin hanta ta lalace yakan yi tsawon rai kamar kowa. Kada wani ya ce ai ƙahon wanzami ke nan. Wanzami ba ya auna abin da ya ɗiba, bai kuma san abin da ya rage ba.

Wannan tangarɗa ta HFE da wuya ƙwarai a same ta a jinin mutanen Afirka ta Yamma, saboda haka ba ita ce abin tsoronmu ba. Amma Afirka tana da nata irin. A shekarar 1929 wani likita mai suna Strachan, yana binciken gawawwaki a birnin Johannesbag na Afirka ta Kudu, ya tarar hantar baƙaƙen fata da yawa cike take da ƙarfe. Daga baya aka gano tushen abin, wato giyar gargajiya ta hatsi da ake dafawa a cikin durom da tukwanen ƙarfe. Tsamin giyar yana cin jikin durom ɗin, ƙarfe ya narke a ciki, mai sha kullum yana zuba wa cikinsa ninkin ba ninkin abin da yake bukata. A 1992 Victor Gordeuk da abokan aikinsa suka bi iyalai a kudancin Afirka, suka ga ba duk mashayi ne ciwon yake kamawa ba, ya fi bin waɗansu gidaje, alamar cewa gādo da abin sha ne suke haɗa hannu. Ba sai na faɗi inda wannan magana ta dosa ba. Duk inda aka bar tukunyar ƙasa aka koma dafa burukutu a durom mai tsatsa, hanyar ɗaya ce. An kuma tabbatar giya kanta tana rage hefsidin, watau tana sa mai gadi gyangyaɗi. Hantar da take fama da giya da ƙarfe, ga kuma ciwon hanta nau'in B wanda ya yi yawa a ƙasarmu, ta ina za ta fara?

Amma waɗanda maganar nan ta fi shafa a cikinmu su ne 'ya'yanmu masu sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2006 cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu wannan ciwo kowace shekara a Nijeriya, ba ƙasar da ta kai mu a duniya. Mai sikila kullum jininsa a ƙasa yake, idonsa fari ko rawaya, don haka shi ne na fari da ake kai wa kwalba. To, amma dalilin ƙarancin jininsa dabam ne. Ƙwayoyin jininsa ba su kai kwana 120, a kwana 10 zuwa 20 suke fashewa. Yawancin ƙarfen da ke cikinsu bai tafi ko'ina ba, saifa da hanta sun kwashe sun ajiye. Maƙerarsa tana da ƙarfe, kayan da take ƙerawa ne ba su da ƙarko. Shi ya sa a asibiti abin da aka saba ba su shi ne ƙananan ƙwayoyin nan na folik asid, waɗanda ba ƙarfe a cikinsu. Ana iya samun mai sikila wanda yake da ƙarancin ƙarfe na gaske, musamman yaron da ba a taɓa yi wa ƙarin jini ba kuma abinci bai wadace shi ba, amma gwaji ne kaɗai zai nuna, ido ba ya gani.

Ƙarin jini a asibiti shi ne yake ɗaga lissafin. Ba wanda zai raina shi, gama ya ceci rayukan yara ba iyaka, 'yan'uwan da suke miƙa hannu a ɗebi jininsu domin ɗan maƙwabci kuma suna aikin da ya fi wa'azi da yawa. Amma mu tuna, kowace leda tana shigowa da miligiram 200 zuwa 250 na ƙarfe, kuma ta jijiya take shiga, ba ta bi ta ƙofar hanji ba balle mai gadi ya tare ta. Leda 20 ta kawo giram 4 zuwa 5 ke nan, fiye da dukan abin da baligi yake ɗauke da shi, sau da yawa kuwa a jikin yaro ɗan shekara goma ake zuba wannan. Shi kuma ba za a ce a ɗebi jininsa kamar na Bature mai himokuromatosis ba, da ma jinin bai ishe shi ba. Abin da ake yi shi ne a ba shi magani mai kama ƙarfe ya fitar da shi ta fitsari ko bayan gida. Na farko, desferioksamin, tun shekarun 1960 ake amfani da shi, amma allura ce da ake barinta tana ɗiga a ƙarƙashin fata sa'o'i 8 zuwa 12, dare biyar ko fiye a mako. A shekarar 2005 aka amince da na sha mai suna deferasiroks, sau ɗaya a rana. Yana da tsada, ba kowane gida ne zai iya ba, ba kuma a kowane gari ake samunsa ba. A ganina, asusun taimako na ikilisiya da yake sayen buhun shinkafa lokacin Kirsimeti ya kamata ya san sunan wannan magani. Akwai kuma wata hanyar rage bukatar ƙarin jinin tun daga tushe. Binciken da likitoci suka yi a asibitocin Kano da Kaduna, wanda aka buga a 2022, ya nuna ana iya amfani da maganin haidiroksiyuriya wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, aikin da a ƙasashen masu arziki ake yi da ƙarin jini wata wata.

Kada wata 'yar'uwa mai juna biyu ta karanta wannan ta je ta zubar da ƙwayoyin da aka ba ta wurin awo. A ƙasarmu masu ƙarancin ƙarfe sun ninka masu yawansa nesa ba kusa ba. Ciki ɗaya yana cin wajen miligiram 1,000, ga haihuwa kusa da kusa, ga tsutsar ciki mai shan jini, ga tsargiya a garuruwan bakin ruwa, ga tuwo da miyar da nama yake ziyarta sai ran kasuwa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kowace mai ciki ta sha ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 tare da folik asid kullum. Ta sha abinta, ko da bayan gidanta ya yi baƙi, wannan ba ciwo ba ne. Ta haɗa da lemo ko gwaiba, gama suna taimakon hanji ya tsotse, ta kuma ba da tazara tsakaninsa da shayi, domin shayi yana riƙe ƙarfe. Sai dai ta ɓoye ƙwayoyin inda hannun yara ba ya kaiwa. Jajaye ne masu sheƙi kamar alewa, yaro ɗan shekara biyu kuwa idan ya haɗiyi cikin tafin hannu ɗaya zai iya rasa ransa. In hakan ta faru a ruga asibiti nan take, ko da ya yi amai ya ga kamar ya warware.

Gwajin da aka saba yi mana a ƙananan asibitoci, wanda ake cewa jininka kashi kaza ne, yawan jajayen ƙwayoyi kawai yake nunawa, ba ya faɗin abin da ke cikin rumbu. Gwajin rumbu shi ne na feritin, ana yinsa a manyan asibitoci da ɗakunan gwaji na birane. Zazzaɓi yakan ɗaga shi na ɗan lokaci, saboda haka an fi so a yi shi sa'ad da yaro yake cikin lafiyarsa. Iyayen mai sikila su sayi ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta, duk ranar da aka yi wa yaron ƙarin jini su rubuta kwanan wata da sunan asibiti da yawan leda, gama yau a wannan asibiti ake yi, gobe a wancan, ba likitan da yake riƙe da jimillar. Idan lissafin ya doshi leda 10 zuwa 20, su buɗe littafin a gaban likita su roƙi a auna feritin.